Gilakoma: Ire-irenta da Yadda Ake Gadonta

Gabatarwa

A cikin cututtukan da ke makantar da mutane a Nijeriya, yanar ido ce ta ɗaya, sai gilakoma ta bi mata. Amma akwai babban bambanci a tsakaninsu. Wanda yana ta rufe wa ido, idan an yi masa aiki a asibiti, ganinsa yakan dawo. Wanda gilakoma ta makantar kuwa, babu likitan da zai iya mayar masa da ganinsa, domin abin da take lalatawa ba ya sake tsirowa. Saboda haka dabarar yaƙi da ita guda ɗaya ce, watau a gano ta tun kafin ta yi ɓarna.

Tsakanin shekarar 2005 da 2007 an gudanar da babban binciken makanta a duk faɗin ƙasar nan, tare da haɗin gwiwar Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, inda aka duba idanun mutane fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama. Sakamakon ya nuna cewa kimanin mutum 5 cikin kowane 100 na masu waɗannan shekaru suna da gilakoma. A cikin masu ita, ɗaya cikin biyar ya riga ya makance, waɗanda suka san suna da ita kuwa ba su kai 6 cikin 100 ba.

Manufar wannan ɗan littafi ita ce a bayyana wa jama'a ire-iren wannan cuta da yadda take bin jini, domin a fahimci cewa duk gidan da aka sami mutum ɗaya da ita, wajibi ne a duba sauran danginsa.

Yadda cutar ke aukuwa

A sashen gaba na ido akwai wani ruwa garai-garai da ido ke samarwa dare da rana. Shi ke ciyar da sassan da jini ba ya isa gare su, shi ne kuma ke sa ƙwayar ido ta tsaya da tauri daidai gwargwado. Wannan ruwa dabam yake da hawaye: hawaye a waje suke, shi kuwa a ciki yake.

Ana samar da ruwan ne a bayan baƙin ido. Daga nan sai ya biyo ta 'yar kafar da ke tsakiyar baƙin ido, ya fito gaba, sa'an nan ya tsiyaye ta wata kusurwa, inda baƙin ido ya haɗu da fatar nan mai kama da gilashi da ta rufe gaban ido. A cikin wannan kusurwa akwai wata 'yar matata mai ƙananan ƙofofi, wadda aikinta ya yi kama da na rariyar gida. Muddin rariyar tana buɗe, ruwan da ke shigowa da wanda ke fita sukan daidaita. Idan ta toshe, sai ruwa ya taru, matsin da ke cikin ido ya hau. Likitoci suna auna wannan matsi da milimita na ma'aunin zaiba, kuma a akasarin masu lafiya yakan tsaya tsakanin 10 da 21.

A bayan ido akwai jijiyar gani, wadda ta ƙunshi siraran zare fiye da miliyan ɗaya, masu kai saƙon abin da ido ya gani zuwa ƙwaƙwalwa. Gilakoma ita ce mutuwar waɗannan zare kaɗan-kaɗan, kuma hawan matsi shi ne babban abin da ke jawo ta. Zaren da ya mutu ya tafi ke nan.

Jama'a da yawa suna kiran cutar hawan jinin ido. Ya kamata a lura cewa ruwa ne ke taruwa a idon, kuma mutum yana iya samun gilakoma alhali awon jininsa na hannu daidai yake.

Ire-iren gilakoma

1. Mai buɗaɗɗiyar kusurwa. Wannan ita ce ta fi yawa a Nijeriya da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. A binciken da aka ambata, cikin masu gilakomar da ta zo da kanta, kimanin kashi 86 cikin 100 irin wannan gare su. Idan likita ya duba, zai ga kusurwar a buɗe take, amma ƙofofin rariyar sun cushe daga ciki. Matsin yakan hau a hankali cikin shekaru, ba ciwo, ba ja, ba ƙaiƙayi. Takan fara cin gani ne daga gefe, tsakiya kuwa sai daga ƙarshe. Shi ya sa mutum zai iya karatu ko zura zare a allura, alhali ba ya ganin babur ɗin da ke zuwa ta gefensa. Sau da yawa ido ɗaya ya fi ɗaya lalacewa, sai mai dama-dama ya rufe asirin ɗan'uwansa, har ranar da wani dalili ya sa mutum ya rufe shi ya tarar ɗayan ba ya gani. Akwai wani reshe na wannan iri da ke kama yara da matasa 'yan ƙasa da shekara 40, wanda matsinsa yakan yi tsanani ƙwarai.

2. Mai matsi daidai. A wasu mutane jijiyar gani takan lalace alhali awon matsin bai wuce 21 ba, domin jijiyarsu ba ta jure abin da ta wasu ke jurewa. A ƙasar Japan akasarin masu gilakoma mai buɗaɗɗiyar kusurwa irin wannan gare su, ana kuma samun ta a Afirka. Wannan ne ya sa awon matsi kaɗai bai isa ba, sai an duba ita jijiyar kanta.

3. Mai rufaffiyar kusurwa. A nan baƙin ido ne ke matsowa gaba ya rufe bakin rariyar. An fi samun ta a mutanen Gabashin Asiya, da mata, da tsofaffi, da masu gajeriyar ƙwayar ido. Takan zo a hankali, amma wani lokaci farat ɗaya take aukuwa: ido ya yi ja ya yi tauri, ga azabar ciwon ido da na kai, ga tashin zuciya ko amai, gani ya dushe, mutum ya riƙa ganin zobe mai launin bakan gizo kewaye da fitila. Wanda ya ga haka, a kai shi asibiti a wannan rana, domin gani yana iya tafiya cikin 'yan kwanaki.

4. Ta jarirai. Wani lokaci ana haihuwar yaro rariyar idonsa ba ta ginu sosai ba tun a ciki. Da yake idon jariri yana da taushi, matsin yakan buɗa shi ya yi girma fiye da kima. Alamominta su ne yawan zubar hawaye, da gudun haske, da runtse ido, da gaban ido ya yi hazo-hazo. Iyaye kan ɗauki manyan idanun a matsayin kyau, su yi jinkiri. Maganinta aikin tiyata ne, kuma gwargwadon saurin yin sa, gwargwadon ganin da za a ceto.

5. Wadda wani abu ya jawo. Buguwa a ido, da kumburin cikin ido, da ciwon sukari da ya daɗe ba a kula da shi ba, da yanar da ta nuna ta wuce lokaci, duk suna iya toshe rariyar. Haka kuma magungunan ɗigawa masu sinadarin sitiroyid, waɗanda ake saye a kemis saboda ƙaiƙayin ido, suna ɗaga matsi a wasu mutane idan an daɗe ana amfani da su, musamman yara. A binciken 2005 zuwa 2007 an tarar cewa abin da ya fi jawo wannan iri a Nijeriya shi ne aikin masu maganin gargajiya da ke soka tsinke su tura yana zuwa cikin ido.

Mene ne gado?

Hausawa kan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kamar yadda yaro ke ɗauko tsawo ko launin fata daga iyayensa, haka yake ɗauko ƙirar idonsa, da faɗin kusurwarsa, da ƙarfin jijiyarsa.

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta. A cikin kusan kowace ɗaya akwai wasu igiyoyi 46 da ake kira kuromosom, an jera su biyu-biyu, 23 daga uba, 23 daga uwa. A jikin waɗannan igiyoyi ne ƙwayoyin gado suke, kimanin 20,000, kowace tana ɗauke da umarnin yadda za a ƙera wani abu a jiki. Ke nan kusan kowace ƙwayar gado mutum yana da ita guda biyu, ɗaya ta uba ɗaya ta uwa. Idan aka sami kuskure a umarnin da ke cikin wata, abin da za a ƙera yana iya fitowa da tawaya. Masana sun gano cewa gilakoma tana bin jini ta hanyoyi uku.

Hanya ta farko: ƙwaya ɗaya ta isa

A shekarar 1997 masu bincike a Jami'ar Ayowa ta Amurka suka gano wata ƙwayar gado a kan igiya ta 1, wadda ake kira MYOC. Idan tana da kuskure, sai ta riƙa ƙera wani sinadari gurɓatacce da ke taruwa a cikin ƙwayoyin halittar rariyar ido har ya kashe su, rariyar ta cushe. Ita ce ke da alhakin kimanin kashi 2 zuwa 4 cikin 100 na gilakoma mai buɗaɗɗiyar kusurwa, kuma an fi samun ta a gidajen da cutar ke kama matasa.

A irin wannan gado, ya isa a sami kuskuren daga ɓangare ɗaya, na uba ko na uwa. Alal misali, idan magidanci yana ɗauke da ita, kowane ɗa ko 'ya da ya haifa yana tsakanin ɗauka da rashin ɗauka rabi da rabi, ko daga wane ɗaki ya fito. Wannan ba ya nufin lalle rabin 'ya'yan ne za su ɗauka, domin kowace haihuwa da nata rabon. A irin waɗannan gidaje ne akan ji cewa kaka ya makance, uba ya makance, ga ɗa kuma ya soma lalube tun bai kai shekara 40 ba.

Akwai wasu ƙwayoyi biyu da ke bin wannan hanya, watau OPTN da aka gano a 2002, da TBK1 da aka gano a 2011. Su ba rariya suke taɓawa ba, jijiyar gani suke raunanawa, don haka ake danganta su da gilakoma mai matsi daidai. Haka kuma kuskure a ƙwayoyin PITX2 da FOXC1 da PAX6 yakan sa a haifi yaro gaban idonsa bai ginu daidai ba, kuma da yawa daga irin waɗannan yara sukan sami gilakoma daga baya.

Hanya ta biyu: sai an haɗu daga ɓangare biyu

A shekarar 1997 ɗin dai aka gano ƙwayar CYP1B1 a kan igiya ta 2, wadda ita ce aka fi sani a cikin masu jawo gilakomar jarirai. Wanda yake da kuskuren a guda ɗaya kawai lafiyarsa ƙalau, domin ɗayar tana yin aikin. Sai idan uba da uwa duka suna ɗauke da shi ne cutar ke iya bayyana, kuma a kowace haihuwa damar bayyanarta ɗaya ce cikin huɗu.

Miji da mata da suka haɗa kaka sun fi bare yiwuwar ɗaukar kuskure iri ɗaya. Shi ya sa cutar ta fi yawa a inda auren zumunci ya yawaita. A ƙasashen Turai akan sami jariri ɗaya cikin kimanin 10,000 ko fiye, a Saudiyya kuwa an ƙiyasta ɗaya cikin 2,500. Auren zumunci al'ada ce sananniya a ƙasar Hausa, kuma akasarin 'ya'yan da ake samu a cikinsa lafiyayyu ne. Abin lura shi ne, idan an taɓa haihuwar jariri mai wannan cuta a gida, lalle ne a kai duk ƙannen da za su biyo bayansa wurin likitan ido tun suna cikin zanen goyo. Ya kamata kuma dangi su sani cewa ba daidai ba ne a ɗora wa uwa laifi, tun da daga ɓangarorin biyu abin ya fito, kuma babu wanda ya zaɓi abin da ya gada.

Hanya ta uku: taron ƙananan ƙwayoyi

Akasarin masu gilakoma ba ƙwaya ɗaya ce ta jawo musu ita ba. Akwai ƙwayoyin gado masu yawa waɗanda kowace ke ƙara haɗarin da ɗan kaɗan: wata ta ɗaga matsi, wata ta raunana jijiya, wata ta ƙuntata kusurwa. Idan suka taru a mutum ɗaya, shekaru kuma suka ja, sai cutar ta bayyana. Wani babban bincike da aka buga a 2021 ya lissafta wurare 127 a jikin igiyoyin gado da ke da alaƙa da gilakoma mai buɗaɗɗiyar kusurwa, a 2023 kuma adadin ya haura 300.

Tun kafin a gano waɗannan wurare an riga an auna ƙarfin gado ta hanyar duba dangi. A birnin Rotadam na ƙasar Holan, wani bincike da aka buga a 1998 ya nuna cewa 'yan'uwa da 'ya'yan mai gilakoma suna da haɗarin kamuwa da ita a tsawon rayuwa da ya kai kashi 22 cikin 100, alhali na dangin marasa ita bai wuce kashi 2 da ɗoriya ba. Ninki tara ke nan.

Matsayin baƙar fata

An daɗe da tabbatar da cewa mutanen da asalinsu Afirka ne sun fi wasu kamuwa da gilakoma mai buɗaɗɗiyar kusurwa. A birnin Baltimo na Amurka, binciken da aka buga a 1991 ya nuna cewa baƙaƙen fata sun ninka fararen fata kamuwa da ita wajen sau huɗu. A tsibirin Babados, wanda akasarin mutanensa jikokin 'yan Afirka ta Yamma ne, an sami kimanin kashi 7 cikin 100 na baƙaƙen fata masu shekara 40 zuwa sama suna da ita. Har ila yau takan fara da wuri a baƙar fata, ta kuma fi saurin kai wa ga makanta.

Duk da haka, yawancin binciken ƙwayoyin gado a kan Turawa da mutanen Asiya aka yi shi, kuma ba kowane sakamako ne ya dace da 'yan Afirka ba. A 2019 wata ƙungiyar masana da ta duba dubban mutane masu asalin Afirka, har da 'yan Nijeriya da Gana, ta ba da rahoton wani sauyi a ƙwayar APBB2 da ke da alaƙa da cutar, wanda a 'yan asalin Afirka ake samun sa.

Gado ba hukuncin makanta ba ne

Wanda ya gaji haɗarin gilakoma ba lalle ne ya kamu da ita ba, wanda ya kamu kuma ba lalle ne ya makance ba. Ba a iya sauya ƙwayoyin da mutum ya gada, amma ana iya sauke matsin ido, kuma an tabbatar cewa sauke shi yana tsayar da ɓarnar ko ya rage mata gudu ƙwarai. Ana yin haka da maganin ɗigawa, irin su timolol da latanoprost, ko da hasken lesa, ko da tiyatar da ke buɗe wa ruwan sabuwar hanya. Likita ne ke zaɓar wanda ya dace, domin timolol, alal misali, yana da haɗari ga mai ciwon asma.

Wajibi ne mai jinya ya fahimci cewa manufar magani ita ce tsare ganin da ya rage. Mutane da yawa sukan daina ɗigawa don ba su ga ganinsu ya ƙaru ba, ko su ƙi tiyata don sun ji an yi wa wani bai warke ba, alhali shi wancan ya je ne bayan jijiyarsa ta riga ta mutu. Haka kuma rashin sanin wani mai cutar a dangi ba ya wanke mutum, domin tsofaffi da yawa sun makance da ita aka ce tsufa ne, ko sammu.

Abin da ya kamata a yi

1. Duk wanda ya kai shekara 40 ya je a duba idonsa ko da ba ya jin kome, ya kuma riƙa komawa a lokacin da likita ya sa masa. Cikakken dubawa ya haɗa da awon matsi, da duba jijiyar gani, da gwajin faɗin gani. Karanta haruffan allo don a ba da tabarau bai wadatar ba.

2. Wanda aka tabbatar masa da cutar ya sanar da iyayensa, da shaƙiƙansa, da 'yan ubansa, da 'ya'yansa, har waɗanda ke aure ko aiki a wasu garuruwa. Su kuma su gaya wa likita a fili cewa akwai gilakoma a gidansu, kada su jira sai sun kai shekara 40.

3. Idan cutar ta kama wani a gida tun yana matashi, a kai ƙannensa da 'ya'yansa a duba su tun suna yara.

4. Masu gida su tambayi tsofaffi ko akwai wanda ya makance a dangi, da shekarun da ya yi lokacin da abin ya same shi. Wannan labari yana taimaka wa likita ƙwarai.

5. Ungozoma da iyaye mata su lura da idon jariri. Idan ya cika girma, ko ya yi hazo, ko yaron yana gudun haske yana zubar da hawaye, a garzaya asibiti.

6. Kada a ɗiga wani magani a ido ba tare da umarnin likita ba, kada kuma a yarda a soka wa mai yana tsinke a ido.

7. Wanda aka ɗora a kan magani ya riƙe shi kullum, ya nemi sabo kafin na hannu ya ƙare. A watan azumi ya tuntuɓi likitansa ya tsara masa lokutan ɗigawa tsakanin shan ruwa da sahur, maimakon ya daina.

Ana duba ido a sashen ido na asibitocin koyarwa, da cibiyoyin lafiya na tarayya, da manyan asibitocin jihohi, da Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. A cikin watan Maris na kowace shekara kuma ana gudanar da Makon Gilakoma na Duniya, lokacin da asibitoci da dama kan shirya duba idon jama'a. Ana roƙon sarakuna, da limamai, da malaman makaranta, da shugabannin ƙungiyoyin mata su isar da wannan bayani ga waɗanda ba su sami karanta shi ba, musamman gidajen da aka san akwai makaho a cikinsu.